Mu Zuba Awon Sautin Hausa A Mudu Ɗaya

Duk ɗalibin Hausa da ya yi karatu a Jos ya san muhawarar nan da ba ta ƙarewa a tsakaninmu, wato muhawarar Hausar Jos. Da zarar an zauna a bakin aji ko a ɗakin kwana, sai ka ji wani ya ce mutanen nan ba sa bambanta "baki" da "baƙi", wani ya ce ba sa jan dogon wasali, "gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a bakinsu, wani kuma ya ce karin sautin ma sun ɓarar da shi. Nan take wani zai miƙe ya ce ƙarya ne, shi a Unguwar Rogo aka haife shi, a je a saurara. Akan kwashe awa guda ana wannan ja-in-ja, a tashi kowa na kan bakansa, domin kuwa babu wanda ya zo da wata hujja in ban da kunnensa.

Wani ɓangare na zargin ba ya buƙatar na'ura. Ɗauki sunan Farin Gada, inda da yawanmu ke sauka daga mota kullum. Kalmar "gada", ko ta ƙetare rafi ko ta daji, tamace ce a daidaitacciyar Hausa, saboda haka Bakano zai so a ce Farar Gada. Mu kuwa Farin Gada muke cewa, haka 'yan keke ke kira, ba kuma wanda ya taɓa ɓata hanya saboda haka. Wannan batun jinsi ne, ana jin sa, ana iya rubuta shi a takarda, kuma masu nazarin karin harshe sun daɗe da nuna cewa ko a Zazzau da Bauchi jinsi ya yi rauni a bakin 'yan asali. Amma tsawon wasali da karin sauti da hamzantattun baƙaƙe wani abu ne daban. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna biyun farko, kunne kuwa yakan ji abin da mai shi ya riga ya yanke.

Ni da nake wannan rubutu ban sha Hausa a nono ba. A unguwa da kasuwa na koye ta kafin in zo in karance ta, don haka idan ana maganar Hausar 'yan koyo, da ni ake. Ba na neman a ce Hausarmu daidai take da ta Kano. Abin da nake nema shi ne a auna, a ga inda bambancin yake da kuma girmansa. Manufar wannan muƙala ita ce kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu cewa duk wanda ya auna sauti don kundin digirinsa, ya juye awon cikin jadawali iri ɗaya da na kowa, ya miƙa shi tare da kundin.

Me Ake Aunawa?

Ga 'yan aji ɗaya da ba su yi nisa a ilimin furuci ba, bari in ɗan yi bayani. Magana iska ce mai kaɗawa. Idan aka ɗauki muryar mutum aka sa a kwamfuta, akwai manhajar da ke warware wannan kaɗawa ta zana ta a allo: lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, yawan kaɗawa daga ƙasa zuwa sama, inda amo ya yi ƙarfi kuma sai wurin ya yi duhu. Wannan zane shi ne hoton sauti, ko sifektirogiram. A ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka aka ƙera na'urar da ke yin sa a shekarun 1940, kuma an daɗe sai manyan jami'o'i masu hali ke da irinta. Yau kuwa manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka fara a farkon shekarun 1990, kyauta ce, kuma tana aiki ko a tsohuwar kwamfutar da ɗalibi ya gada daga yayansa.

Daga wannan hoto ake fitar da lambobi. Akwai tsawo: milisakan nawa wasalin farko ya ɗauka a "dafa" tuwo, nawa ya ɗauka a "dafa" kafaɗa (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Akwai kaifin murya, wato sau nawa tantanin maƙwallato ke karkarwa a sakan guda, wanda ake rubutawa da Hz. Na babban namiji yakan zagaya 120, na mace yakan kai 200 ko ya haura. Da shi ake ganin "kuka" na hawaye yana tafiya sama-sama, "kuka" ta miya ta fara sama ta sauka ƙasa. Sai kuma ratsin duhu da ke kwance a cikin kowane wasali, waɗanda ake yi wa laƙabi da F1 da F2: na farko yana bin buɗewar baki, na biyu yana bin matsawar harshe gaba ko baya. Tunkuɗau irin /ƙ/ kuwa yakan bar ɗan shiru tsakanin fashewarsa da farawar wasali, shirun da za a iya aunawa a kwatanta da na /k/. Ke nan duk abin da muke gardama a kai a bakin aji yana da lamba.

Inda Gizo Ke Saƙar

Ba rashin aunawa ba ne babbar matsalar, domin ɗalibai sun fara aunawa. Matsalar ita ce inda awon ke kwana. Wanda ya yi aiki da Praat yana da fayil na murya, da wani fayil mai suna TextGrid inda ya yanka maganar gaɓa-gaɓa, da wasu fayiloli na kaifin murya da na ratsi, kowanne da tsarinsa. Wanda ya koyi aiki a wajen masu fassarar Littafi Mai Tsarki, waɗanda suke da cibiya a nan Jos, wataƙila Speech Analyzer ta ƙungiyar SIL ya saba da ita. Wanda ya ɗauki hira ko tatsuniya zai fi son ELAN, ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, wadda ita ma take da nata irin fayil. Wani kuma bai ajiye fayil ba sam, ya karanta lambobin a allo ya kwafe a littafinsa da biro.

Idan aka zo rubuta kundi, me ke shiga ciki? Hotuna uku ko huɗu da aka manna a babi na huɗu, waɗanda injin hoto ya mayar baƙi ƙirin, sai ɗan jadawali mai nuna matsakaicin awo. Ɗaruruwan lambobin da suka haifi wannan matsakaici suna cikin filashi. Filashin ya kamu da cuta a shagon buga takardu, ko wayar ta faɗa ruwa, ko mai ita ya tafi bautar ƙasa ya canza layi. Shekara mai zuwa wata ɗaliba ta zaɓi batu iri ɗaya, ta fara daga tushe, ta auna mutum biyar kamar yadda na baya ya auna mutum biyar. Bayan shekara goma sashe na da kundi goma masu mutum biyar-biyar, amma ba shi da nazari ko ɗaya mai mutum hamsin.

Ko da fayilolin sun tsira, haɗa su aiki ne. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da sassafe ya ga misalin abin. Ana sauke tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa, wani a kwando, wani a buhu, wani a bokiti, kuma kwandon wannan ba girman na wancan ba ne. Idan aka ce maka kwando kaza ne, sai ka ga kwandon kafin ka san ko ya yi araha. Dillali ya saba, da ido yake ƙiyastawa, kuma da wuya ya faɗi. Kwamfuta ba ta da idon dillali. Idan ka ba ta awon da aka yi da mudu daban-daban, za ta haɗa maka su ba tare da ta ce uffan ba, ta ba ka amsa mai kyan gani wadda ba ta da ma'ana.

Wani Tsohon Jadawali

A 1952 Gordon Peterson da Harold Barney, su ma na ɗakin binciken Bell, suka buga awon wasula 10 na Ingilishin Amurka daga bakin mutum 76: maza 33, mata 28, yara 15. Kowa ya faɗi kowace kalma sau biyu, jimla furuci 1,520. Na'urar da suka yi aiki da ita ta zama kayan tarihi, amma lambobinsu suna nan a cikin Praat, duk mai so zai buɗe su yau. Za ka tarar da layi 1,520, kowane layi furuci guda, an nuna lambar mai maganar, da ko namiji ne ko mace ko yaro, da wasalin, da awonsa. Sama da shekara saba'in ke nan ana koyar da ɗalibai da wannan jadawali, ana gwada sababbin dabaru a kansa. Abin da ya raya shi shi ne sauƙinsa: layuka ne kawai da lambobi, ba ya jingina da wata na'ura.

Hausa ma an auna ta tuntuni. Peter Ladefoged, wanda ya yi aiki a Ibadan, ya sa ta cikin littafinsa na 1964 a kan furucin harsunan Afirka ta Yamma. A 1981 Paul Newman da Vincent van Heuven suka auna tsawon wasalin ƙarshen kalma a inda mai magana ya dakata, wurin da kunne ya fi ruɗewa, irin bambancin da ke tsakanin "baƙo" da ya zo gidanka da Baƙo sunan mutum, ko "hannu" da "a hannu". Waɗannan ayyuka sun nuna cewa tambayoyinmu suna amsuwa da awo. Sai dai Hausar 'yan asali ce aka fi aunawa. Hausar da Berom da Ngas da Ibo ke ciniki da ita a Filato tana bakin ƙofarmu, mu ne kuma muka fi kowa damar aunata.

Yadda Jadawalin Zai Kasance

Ƙa'idar farko ita ce kowane furuci ya sami layinsa na kwance shi kaɗai. Idan Malama ta ce "ƙafa" sau uku, layi uku ke nan, ba a haɗe su a fitar da matsakaici ba. Matsakaici kowa na iya fitarwa daga baya, amma wanda aka ba matsakaici ba zai iya komawa ga asali ba, kamar yadda ba a mayar da fura gero.

Layukan tsaye kuma su zama iri ɗaya ga kowa, da suna ɗaya, a jere ɗaya. A ganina za a fara da bayanin mai magana: lambarsa, jinsinsa, shekarunsa, harshen gidansu, shekarun da ya fara Hausa, da inda ya girma. Sai bayanin kalma: yadda ake rubuta ta, yadda ake furta ta da tsawon wasali da karin sauti, ma'anarta, da matsayinta a jimla. Ma'ana dole ce, domin "baƙi" na launi da "baƙi" da suka kwana gidanka rubutu ɗaya ne, furuci biyu. Matsayi a jimla ma dole ne, saboda muryar Bahaushe tana gangarowa yayin da jimla ke tafiya, har karin sama na ƙarshen doguwar jimla yakan kasa kai karin ƙasa na farkonta. Wanda bai san inda kalma ta faɗo ba zai zargi mai magana da ɓata karin sauti alhali bai ɓata ba. Bayan nan sai awon kansa, sannan sunan fayil ɗin murya da daidai lokacin da furucin ya fara da inda ya ƙare, domin mai shakka ya koma ya saurara da kunnensa.

Gidan harshen gida yana da nasa rikici. Wani zai rubuta Berom, wani Birom. Wani Ngas, wani Angas. Wani Afizere, wani Izere, wani Jarawa. A wajen kwamfuta waɗannan harsuna bakwai ne, alhali uku ne. Maganinsa shi ne a ƙara lambar harshe ta duniya mai haruffa uku: hau ga Hausa, bom ga Berom, izr ga Izere, anc ga Ngas, sur ga Mwaghavul, yer ga Tarok, ank ga Goemai. Mai lura zai ga cewa wasu lambobin daga tsofaffin sunaye aka ciro su, Sura da Yergam da Ankwai, sunayen da masu harsunan ba su cika so ba. Ni ma ba su yi mini daɗi ba. Amma a sa sunan da mutane ke kiran kansu a gida ɗaya, lambar a gidan da ke kusa, kowa ya sami nasa.

Shi kuma fayil ɗin ya zama tsuran rubutu, irin wanda ake kira CSV ko TSV, inda waƙafi ko tazarar maɓallin Tab ke raba gida da gida. Praat na iya fitar da shi, ELAN ma haka, kuma Excel da LibreOffice da duk wata manhajar lissafi suna karanta shi. Ba sabon abu na kawo ba. Masu kwatanta harsunan duniya sun fitar da tsarin CLDF a 2018, kuma a kan CSV suka gina shi. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda ya tara muryoyin Hausa, da TSV ya jera bayanin kowace murya.

Ramukan Da Ke Hanya

Juye awo daga fayil zuwa jadawali yana kama da aikin minti biyar, amma ga mai Hausa akwai ramuka, kuma ya kamata a san su kafin a faɗa.

Na farko su ne haruffanmu masu ƙugiya. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ a aikace ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon rubutu na Rabi'at da Abdalla, kuma sun fitar da masu buga Hausa kunya ƙwarai a zamaninsu. Dabarar irin waɗannan salo ita ce a aro gurbin wani harafi ko wata alama a zana mai ƙugiya a kai. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon kundi a kwamfutar da ba ta da salon, sai ka ga "qasa" da "xaya" da "vera", ko kuwa "}asa" da "]aya". Tsuran rubutu ba ya ɗauke da salo ko kaɗan, saboda haka jadawalin da aka buga ta wannan hanya zai fita da q da x da v har abada. Tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu lambarsa tun 1991, wayoyinmu ma yanzu suna da allon rubutu na Hausa. A rubuta da shi, a adana da UTF-8.

Ko an yi hakan, saura rami guda. Idan aka danna fayil ɗin CSV sau biyu ya buɗe kai tsaye a Excel, sau da yawa yakan karanta shi da tsohon tsarin haruffan Turai, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Ɗalibi ya firgita ya fara gyara da hannu, ko ya adana a haka ya lalata na asali. Fayil ɗin lafiyarsa lau. A shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai, a zaɓi UTF-8, haruffa su dawo.

Na biyu ya fi ban dariya, ya kuma fi haɗari, domin ba ya nuna kansa. A Excel, alamar hamza a farkon gida umarni ce mai nufin "ɗauki abin da ke biye a matsayin rubutu", saboda haka ba ya lissafa ta cikin kalmar. Ka buga 'ya'ya, abin da zai adana shi ne ya'ya. Ka buga 'yan, ya ba ka yan. Wanda ke nazarin ko mutanen Jos na furta /'y/ zai tarar manhaja ta riga su zubar da ita. Ga kuma hamzar kanta iri-iri ce, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, ido na ganin su ɗaya, kwamfuta na ganin su biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan, don su ƴ suke rubutawa, harafi guda. Shawarata ita ce a bar 'y a gidan rubutun yau da kullum, a yi amfani da ƴ a gidan furuci.

Tun da an ambaci Nijar, ga na uku. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, inda mu muke sa ɗigo. Abin da muka rubuta 125.5, ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko na Maraɗi zai rubuta 125,5. Idan waƙafi ne ke raba gidajen jadawali, lamba ɗaya ta tsage biyu, duk abin da ke bayanta ya gusa gida guda, tsawon wasali ya koma gurbin kaifin murya. Wannan ne ya sa na fi son TSV a kan CSV, tare da sharaɗin kowa ya sa ɗigo. Hausa ba ta tsaya a Jibiya ko Illela ba, bai kamata jadawalinmu ya tsaya a can ba.

Sai ma'auni. Praat da sakan yake ba da lokaci, ya ce 0.085, wani ya juya zuwa milisakan ya rubuta 85. A haɗa su a layi ɗaya, wasali guda ya ninka ɗan'uwansa sau dubu. A rubuta ma'aunin a cikin sunan layin tsaye, a kuma guji kalmar "daƙiƙa", wadda wasu ke nufin sakan da ita, wasu kuma, musamman masu ilimin Larabci, suke nufin minti. Haka nan idan Praat ya kasa gano kaifin murya a wani wuri, yakan rubuta cewa ba a tantance ba. Kada a maye gurbin wannan da sifili. Sifili lamba ce, za ta shiga lissafi ta ja matsakaici ƙasa. Abin ya fi shafar mu, domin a kusa da ɓ da ɗ da 'y murya takan yi ƙaiƙayi, manhaja ta rikice, wato daidai inda muke son gani. A bar gidan da alama guda da aka yarda da ita mai nufin babu awo.

Na ƙarshe shi ne saiti. Jagoran Praat ya ba da shawarar a nemi ratsi har zuwa Hz 5,000 ga muryar namiji, 5,500 ga ta mace. Wanda ya auna kowa da saiti ɗaya zai sami lambobin da suka saɓa da na wanda ya bi shawarar, ko da murya ɗaya suka auna. Don haka kowane jadawali ya zo da 'yar takarda mai shafi ɗaya: wace na'ura aka ɗauki murya da ita, a ina, wace manhaja, wane saiti.

Masu Cewa A'a

Na san za a ce mu ɗaliban harshe ne, ba na kimiyyar kwamfuta ba. To, daidaita rubutu ma ai aikin harshe ne, kuma magabatanmu sun yi shi. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don Bahaushen Katsina ya karanta abin da na Damagaram ya rubuta. Abin da nake kira a yi ƙanen wancan ne, kuma koyon sa bai kai wahalar haddace ajin aikatau bakwai ba.

Za a ce jadawali yana zubar da abubuwa da yawa, murya ta fi lamba. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da murya ba. A ajiye ta a fayil ɗin WAV, wanda ba ya matse sauti, kada kuma a tura ta a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin wannan yana matse ta ya zubar da wani ɓangare. Sai dai minti ɗaya na WAV mai inganci ya haura megabait 5, alhali jadawali mai layi dubu bai kai hoto guda na waya nauyi ba. Murya tana buƙatar ma'aji, jadawali kuwa ko ta imel ya tafi, ko a buga shi a takarda a liƙa a bayan kundi.

Akwai masu tsoron a sace musu wahala. Wannan tsoro yana da tushe, satar fasaha ba baƙuwa ba ce a jami'o'inmu. Amma wanda aka ajiye jadawalinsa a sashe da sunansa da kwanan wata ya fi wanda nasa ke cikin aljihu hujja ranar da aka yi gardama. Sashe na iya riƙe shi shekara ɗaya ko biyu kafin a buɗe wa kowa, mai shi ya sami damar buga muƙalarsa.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na sirrin masu magana. Wannan gari ya ga 2001, ya ga 2008, ya ga 2010. Takardar da ta jera sunan mutum da ƙabilarsa da unguwarsa ba abin wasa ba ce a Jos, kuma mai sayar da kabeji da ta ba ka minti goma na lokacinta ba ta yi haka don sunanta ya yi yawo a intanet ba. Shi ya sa na ce lamba, ban ce suna ba. Sunaye su tsaya a takarda guda a hannun malami mai duba aiki. A nemi yardar mutum kafin a kunna na'ura, a gaya masa inda muryarsa za ta je, a rubuta shekaru a rukuni, kamar 20 zuwa 29, kuma ba a buƙatar gidan addini sam, don tantanin maƙwallato bai san shi ba.

Abin Da Sashe Zai Iya Yi Bana

Ba sai an jira kuɗin ɗakin gwaji ba. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta roƙi malaman furuci da tsarin sauti su zauna da mu rana ɗaya a tsayar da sunayen layukan tsaye da Hausa, a fitar da fanko guda da kowa zai kwafa. A sa shi cikin ƙa'idojin kundi. A ajiye abin da aka tara a wuri uku, ɗaya a wajen harabar makaranta. Waɗanda suka ga gobarar da ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos a Naraguta a watan Oktoba na 2016 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. In an yi shekara guda abin ya zauna, a aika fankon Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai a ji ta bakinsu.

A kuma tsayar da jerin kalmomi 20 da kowa zai ɗauka ko mene ne batunsa, kafin ya shiga nasa: kafa da ƙafa, kada da kaɗa, bari da ɓari, baki da baƙi, fasa tulu da fasa tafiya, gari da gari, kuka da kuka, gada da gada, da makamantansu, kowace a cikin jimla guda kamar "Na ce ... jiya". Ba a tsakiyar kasuwa za a ɗauka ba, inda ƙarar tirela za ta cika hoton sauti da duhu. A nemi shago ko ɗaki bayan la'asar, idan ciniki ya lafa. Ɗalibi 10, kowa mutum 6, kalma 20, sau 3, layi 3,600 ke nan a zango ɗaya, fiye da ninki biyu na jadawalin Peterson da Barney.

Ina da hasashe a kan abin da zai fito, kuma in an auna aka ga akasinsa zan karɓa. Ngas da Mwaghavul 'yan gidan Cadi ne kamar Hausa, suna da ɓ da ɗ nasu amma ba su da ƙ, saboda haka ina sa ran masu su za su riƙe "kaɗa" da "ɓari" daram, su sassauta a "ƙafa". Berom yana da matakin karin sauti uku inda Hausa ke da biyu da faɗau, don haka zai yi wuya a ce kunnen Berom ne ya kasa jin karin Hausa. In akwai bambanci, wani wuri za a neme shi. Sai kuma yaran da aka haifa a Jos, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, da suka tashi suna wasa a layi ɗaya. Su ne nake son in ga layukansu kusa da juna, a rufe gidan harshen gida da hannu, a ba wa masu gardamar bakin aji su nuna mana wane ne wane.